Shagunan Shirya Takardun Bizar Aure a Tailan: Sun Iya Kwafi, Amma Kada Ka Bar Musu Taswirar Gidanka

Kusa da kowane babban ofishin shige da fice a Tailan, daga Chaeng Watthana a Bankok zuwa Jomtien da Chiang Mai, akwai shagunan da abincinsu ke kan takardun baƙi. Wasu ƙananan shagunan fotokwafi ne masu kyamara da firinta, wasu kuma ejan-ejan ne masu ofis da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ke karɓar fayil ɗinka su raka ka har gaban jami'i. Mai neman tsawaita izinin zama na shekara guda saboda ya auri 'yar ƙasa zai ga yawancinsu suna tallata hidima iri ɗaya: cike fom, hoto, kwafi, jera takardu, da zana taswirar hanyar gida. Hukuncina a kan wannan hidima a rabe yake. A kwafi da jera takardu sun cancanci kuɗinsu. A taswira kuwa, in ka bar su su kaɗai, mafi yawan abin da za su miƙo maka ba zai kai kowa gidanka ba.

Sai an san abin da taswirar take yi kafin a iya auna aikinsu. Tsawaita zama ta hanyar aure ba a kammala shi a rana ɗaya. Za ka miƙa fom ɗin TM.7 da baht 1,900 (baht shi ne kuɗin Tailan), a buga maka hatimin "ana kan dubawa" na kwana 30, fayil ɗin ya tafi sama don amincewa. A cikin waɗannan kwanaki jami'ai na iya zuwa gidan su ga ko da gaske kuna zaune tare, su ɗauki hoto, su yi magana da maƙwabta. An fi yin haka a shekarar farko, amma akwai ofisoshin da ke maimaitawa. Taswirar ita ce za ta kawo su. Mai karanta ta mutum ne a cikin mota, wataƙila da gidaje da dama a jerinsa na ranar, wanda bai taɓa shiga lungunku ba. Ma'aunin taswira mai kyau ɗaya ne: zai isa ƙofar gidan ba tare da ya kira waya ba?

Ɓangaren da shagunan suka ƙware a kai ba ya bukatar dogon bayani. Sun san hoton fom santimita 4 da 6 ne. Sun san shafukan fasfo da ake kwafa: shafin bayanai, bizar Non-O (irin bizar da ake ba mai iyali a ƙasar), hatimin shigowa na ƙarshe, da duk tsawaitawar baya. Suna tuna maka da Kor Ror 3, takardar shaidar aure, da Kor Ror 2, kwafin rajistar auren da ake karɓo sabo daga ofishin gunduma, ko Kor Ror 22 idan a wata ƙasa aka ɗaura auren aka zo aka yi masa rajista a Tailan. Ɗaurin aure a masallaci kaɗai ba ya ba ka waɗannan takardu, sai an je ofishin gunduma. Suna haɗa katin shaidar matar da littafin rajistar gida, wato tabien ban, da takardar TM.30 mai nuna inda kake zaune, da wasiƙar banki mai tabbatar da baht 400,000 sun yi wata biyu a asusunka, ko shaidar samun baht 40,000 a wata. Suna manna hotunanku na gida a kan A4, su fitar da komai kashi biyu inda ofishin ke son haka, su nuna maka inda kai da matarka za ku sa hannu da shuɗin biro a kowane shafi. Mafi amfaninsu shi ne sun san ɗabi'ar ofishin da ke kusa da su, domin abin da ake karɓa a wani lardi ana iya maido shi a wani. Kwafi 'yan baht ne kowane shafi. Cikakkiyar hidimar ejan kuwa dubbai ce, kuma farashinta ya bambanta ƙwarai, don haka ka sa a rubuta maka abin da ke cikinta kafin ka biya.

Yadda suke yin taswira shi ne inda matsalar take. Ma'aikaciyar shago za ta karɓi adireshinka, ta rubuta shi a Google Maps, ta ɗauki hoton allon, ta buga. In ofishin na son zanen hannu, sai ta ɗora farar takarda ta bi layukan da biro. Minti biyar an gama, kuma a ido yana da kyau. Amma ba ta taɓa zuwa gidan ba, kuma tsarin adireshin Tailan ba ya yafe wa wanda bai je ba.

Ɗauki adireshin karkara, misali 45/3 Mu 7, sai sunan tambon (ƙaramar gunduma), sai amphoe (gunduma), sai lardi. Mu lambar ƙauye ce, ba titi ba. Lambar gida kuma ana bayar da ita ne bisa tsarin rajista, ba lallai bisa jerin gidaje a kan hanya ba, shi ya sa 45/3 zai iya kasancewa nesa da 45/2, gidan da ke jikinsa kuma ya zama 112. Idan aka rubuta irin wannan adireshi a Google Maps, sau da yawa alamar ba ta sauka a kan gidan. Takan faɗa tsakiyar tambon ɗin, ko kan wani gida mai lamba iri ɗaya a wani Mu daban. Ma'aikaciyar ba ta da hanyar gane kuskuren. Kai ma in ka leƙa a gurguje ka ga sunan garinku a takardar, za ka ɗauka daidai ne.

A birni kuskuren yana da wata siffa. A Bankok soi, wato layin da ya ɓalle daga babban titi, yana da lamba, masu mara a gefe ɗaya, masu cika a ɗaya gefen, kuma ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. A titin Sukhumvit, soi mai lamba 24 ba ya kallon mai lamba 25. Cikin soi kuma akwai ƙananan rassa da ake kira yaek, su ma da lambobinsu. Taswirar shago takan nuna soi ɗin ta tsaya nan, alhali daga bakinsa zuwa gidan akwai kwana uku.

Sai matsalar bugu. Google Maps yana zana ƙananan hanyoyi da farin layi ko toka-toka a kan fage mai haske. A allon waya ana gani sarai. A firintar baƙi da fari sukan dusashe, in aka sake kwafa kashi na biyu sai su ɓace ɗungurungum, ya rage babban titi da alama a tsakiyar fili. Hoton tauraron ɗan'adam ya fi muni, don yakan fito baƙi ƙirin. Sannan ba a iya samun ma'auni ɗaya da zai nuna duka tafiyar: in an janye don ofishin ya shigo cikin takardar, lungun gidan ya zama ɗigo, in an matso don lungun ya fito, ba a san ta ina aka shigo unguwar ba. Wannan na cikin dalilan da ofisoshi da yawa har yau suke cewa a zana da hannu, wasu kuma su ce a kawo biyun.

Shagon da ya san aikinsa ana gane shi tun daga tambayoyinsa. Zai ce ka buɗe wayarka ka nuna masa gidan da kanka. Zai tambayi matarka me ke bakin kwanar, da launin ƙofar gidan. Zai rubuta sunayen wurare da harafin Tai. Wanda ya karɓi adireshi kawai ya juya ga kwamfuta, karɓi kwafinka a wurinsa ka bar masa taswirarsa.

Hanyar da ta fi ita ce ka zo da zanenka daga gida, in ya so shago ya gyara rubutun ya kwafa. Kayan aikin ba su da yawa: farar A4 guda biyu ko uku, fensir, rula, baƙin biro mai kaurin baki, da jan biro ɗaya. Kafin ka zana komai, ka tambayi ofishinku daga ina suke son taswirar ta fara. Wasu na son ta tashi daga ofishin shige da ficen kansa, wasu sun yarda da babban titi mafi kusa ko wani sanannen wuri kamar ofishin gunduma. Daga nan ka bi hanyar da babur ko mota, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili a kowace kwana, ka rubuta nisan da abin da ke wurin. A bi ta yadda baƙo zai zo, ba ta gajeriyar hanyar da kuka saba bi ta bayan kasuwa ba, wadda mota ba ta shiga.

Ka kwantar da takardar a faɗinta ka raba ta biyu. Kashi ɗaya cikin uku na sama ya ɗauki doguwar tafiya: daga mafari zuwa inda ake barin babban titi. Nan layi biyu ko uku sun isa, da lambar titin, da kibiya a kowane ƙarshensa mai nuna garin da ya nufa. Sauran kashi biyun na kilomita ta ƙarshe ne, domin a nan ake ɓata. Kada ka damu da daidaita ma'auni. Hanyar kilomita 18 da ba ta da kwana za ta iya zama layin santimita biyar, muddin ka rubuta "18 km" a kansa, lungun mita 200 mai rassa uku kuma ya ci rabin shafi. Lambobin nisa su ne ma'aunin. Babban titi a yi shi da layi biyu masu kauri, soi da layi biyu sirara, hanyar da ba kwalta a yi ta da tsinke-tsinken layi a rubuta haka a gefenta. Ƙaramar kibiyar arewa a kusurwa tana da amfani, amma kibiyoyin da ke bin hanyar daga mafari har ƙofa sun fi ta.

Akwai abu ɗaya da kusan duk taswirar shago ke mantawa. A Tailan ana tuƙi ta hagu, kuma manyan hanyoyi da yawa suna da shinge a tsakiya. In lungunku yana hannun dama ga mai zuwa daga ofis, ba zai iya karyawa kai tsaye ba, sai ya wuce ya kai wurin juyawa ya dawo. Wurin juyawar na iya zama kilomita ɗaya ko fiye a gaba, wani lokaci a ƙarƙashin gada. Ka zana shi, ka rubuta nisansa. Rashin wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi ta kewaye.

Alamomin hanya su ne ran taswirar, kuma zaɓensu na bukatar tunani. A kowace kwana a sa alama ɗaya, a kuma zana ta a gefen da take na gaskiya, hagu ko dama. Abin da ba ya gusawa ake so: wat, wato wurin ibadar mabiya Buddha, da cikakken sunansa, masallaci, makaranta, asibitin tambon, gada, danja, dutsen kilomita da lambarsa, gidan man PTT. Shagon 7-Eleven alama ce mai kyau a ƙauye, amma a birni za a iya samun biyu suna kallon juna a titi ɗaya, don haka sai an haɗa shi da wani abu, misali "na kusa da bankin". Mai sayar da taliya a keke, kasuwar da ke ci da yamma kawai, allon talla, duk ba alamomi ba ne, don ƙarfe goma na safe ba za a same su ba. Sannan a ƙara alama guda bayan kwanar ƙarshe, a rubuta cewa wanda ya kai nan ya wuce. Direban da ya san inda kuskure yake farawa ba ya nisa kafin ya juyo.

Alama shida zuwa takwas sun ishi yawancin taswirori. In sun wuce haka takardar takan cushe, ido ya rasa abin bi.

Gidan kansa a yi masa akwati da jan biro, a kuma zagaye shi da baƙi mai kauri, saboda ja yakan koma toka a kwafi. Kada a yi amfani da alƙalamin haskaka rubutu mai ruwan ɗorawa, ba ya fitowa. A gefen akwatin a rubuta lambar gida, da abin da ido zai fara gani: bene ko ƙasa, launin ƙofa, na nawa ne daga bakin layi, hagu ko dama. "Gida na huɗu a hagu, shuɗiyar ƙofar ƙarfe, tankin ruwa a gaba" ya fi lambar gida amfani a layin da rabin gidajen ba su da lamba a jiki. In naku ma ba shi da ita, ku sa kafin ku ɗauki hotuna, domin ofisoshi na son hoton ku biyu a tsaye inda lambar take bayyane.

Mazauna "condo", wato dogon bene mai gidaje da yawa a ciki, suna da nasu tarkon. Ɗaki yakan kasance da lamba biyu: wadda ke jikin ƙofa, mai nuna hawa da ɗaki, da wadda ke cikin rajistar gida, irin 88/215. A rubuta duka biyun, tare da sunan ginin, da harafinsa in gine-ginen suna da yawa, da hawa. In sai da kati ake shiga lif, a nuna inda ofishin kula da ginin yake. A rukunin gidaje mai maigadi kuma a zana ƙofar shiga, da layukan ciki, don a can gidajen duk kamarsu ɗaya.

Rubutu da harafin Tai ba ado ba ne. Sunayen Tai ba su da rubutun boko guda ɗaya da kowa ke bi; Chaeng Watthana kanta ana rubuta ta iri-iri. Jami'in da zai karanta Batai ne, wato ɗan Tailan, wanda zai tsaya ya tambaya a hanya shi ma Batai ne. Matarka ta rubuta sunan kowace alama da cikakken adireshin, ko kuwa wannan ne aikin da ya dace ka biya shago ya yi. A ƙasan takardar a sa sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunanta, lambobin wayarku biyu, da sa hannu. Lambarta ta fi muhimmanci in Tai ɗinka bai nuna ba, don ita za a kira.

Fasaha tana da wurinta, a matsayin ƙari. Ka tsaya a ƙofar gidan, ka danna wurin a Google Maps ka riƙe har alama ta sauka, ka kwafe lambobin wurin guda biyu. Lamba biyar bayan ɗigo ta kai daidaiton kusan mita ɗaya. Ka rubuta su a ƙasan taswirar da hannu, a hankali, domin kuskuren lamba ɗaya a wuri na biyu bayan ɗigo ya kai kilomita guda. Wannan ita ce alamar da za ka ba shago in za su buga maka taswirar kwamfuta, ba adireshi ba. Kuma ka ce su buga a ga ƙananan hanyoyin, ka duba kwafin na biyu, ba na farko kaɗai ba.

Kuskuren da ya fi tsada ba na zane ba ne, na rashin daidaito ne. Adireshin da ke kan taswira dole ya zama shi ne a TM.7, shi ne a TM.30, shi ne a yarjejeniyar haya, shi ne lambar da ke cikin hoto. Abin da ya fi jawo saɓani shi ne tabien ban na matar. Mata da yawa sunansu na nan a rajistar gidan iyayensu a wani lardi, alhali suna haya da mijin a Bankok ko Pattaya. Ma'aikacin shago mai sauri yakan ɗauki littafin ya kwafe adireshin ciki ya yi taswira da shi, sai fayil ya fito da gida biyu. Taswira ta inda kuke kwana ce, kuma a ofishin da ke kula da wannan wurin ake nema. In haya ce, a haɗa da yarjejeniyar da kwafin katin mai gida da rajistar gidan, da sa hannunsa. Wanda ya sauya gida tun tsawaitawar bara kuma kada ya bari ejan ya ciro tsohuwar taswira daga fayil ɗinsa. Suna ajiye kwafi, kuma suna sake amfani da shi in ba a hana su ba.

Me ke faruwa in taswira ba ta yi ba? Mafi sauƙi shi ne jami'in tebur ya miƙo maka farar takarda ya ce ka sake a nan take, ka zana a tsaye, layi na jiranka. Mafi wuya shi ne a karɓa, ranar ziyara a kasa samun gidan, a kira waya ba a ɗauka ba. Wannan na iya jinkirta fayil, kuma yana sa a dube shi da wani ido, tunda dalilin ziyarar tun farko shi ne tantance auren gaskiya daga na takarda. Shi ya sa bai kamata a bar nema sai ranar ƙarshe ba. Ana karɓa tun saura kwana 30 izinin ya ƙare, wasu ofisoshin tun saura 45, kuma wuce wa'adi tarar baht 500 ce kowace rana, har zuwa 20,000. A lokacin jiran kuma a bar kuɗin a asusu har hatimin shekara ya fito, don akwai ofisoshin da ke sake duba littafin banki. Mai shirin fita ƙasar ya nemi izinin dawowa na TM.8 tukuna, baht 1,000 na sau ɗaya ko 3,800 na sau da yawa, in ba haka ba izinin zaman ya mutu da fitarsa.

Ejan nagari yana da amfani a ranar ziyara ta wata fuska: zai gaya maka tun da wuri ko ofishinku na son shaidu, mutum nawa, da cewa su riƙe katin shaida da kwafin rajistar gidansu. A ƙauye sanar da phu yai ban, wato mai unguwa, yana sauƙaƙa komai, don sau da yawa shi ake fara tambaya. Ejan da ya ce maka da shi ba sai an zo gida ba, ko ba sai matarka ta je ofis ba, ko zai "shirya" maka kuɗin banki, ka nisance shi. Sunanka ne a fayil ɗin, ba nasa ba.

Ga wanda takardunsa suke cikakku, ƙaramin shagon kwafi ya wadatar, cikakkiyar hidimar ejan kuma ta fi dacewa da mai nema karon farko wanda shi da matarsa ba su saba da ofis ba. A duka biyun, taswirar ta fito daga hannunku. Kafin ranar zuwa ofis, ku ba wani da bai san gidan ba, kamar ɗan acaɓan wata unguwa, ku ce ya bi ta da yatsa yana faɗin inda zai karya. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, a nan za a ƙara alama ko nisa. In an gyara, a bi fensirin da baƙin biro, a yi kwafi uku, a ɗauki hotonta a waya, a ajiye asalin don shekara mai zuwa.